Farantin Yohanna da Na Kashe da Wuta

Rannan wasu daga cikinku suka zo nan rumfa suna nuna mini hoton bidiyo a waya. Wani makaɗi ne a ƙasar waje, ya ɗora farantin tagulla a kan wani, yana duka yana ba da wani gajeren sauti kamar an yarfa ruwa a mai mai zafi. Ɗayanku ya ce, "Baba Sale, ai wannan ko marfin tukunya biyu ka samu ka gama." A lokacin akwai goro a bakina. Yau da na sami sarari bari in ba ku labarin yadda na fara wannan aiki a nan Ƙanƙara, tun iyayenku ba su yi wayo ba.

Ni maƙerin fari ne. Maƙerin baƙi shi ke ƙera garma da fartanya da gatari, mu kuwa namu tagulla ne da azurfa da dalma: mundaye, zobba, 'yan kunne, kayan doki. A wurin Kawu Barau na koya, ƙanin mahaifiyata. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana, kuma shi kaɗai ne a cikin maƙeran fari na garin nan da yake taɓa baƙin ƙarfe idan kayan kiɗa ne. Kuge na masu shela, sambani na mata, akayau na 'yan rawa, duk wurinsa ake zuwa. Shekara biyu na yi ina zuga masa wuta da zugazugin fatar akuya kafin ya bari na riƙe awartaki. Kayan aikinmu ba su da yawa: uwar maƙera, masaba ɗaya, 'yan guduma uku, kurfi na yanka, magagari, sai kaskon narka ƙarfe. Wannan uwar maƙera da kuke zama a kanta kuna danna waya, ita ce tasa.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai akayau ne. Wasu samari daga ƙauyen Maguzawa da ke yamma da gari suka kawo sautu, za su yi rawar kaka. Na yi kwana huɗu a kai. Na goge shi har yana ɗaukar ido, zobban duk girmansu ɗaya, na matse su tsaf don kada ɗaya ya fita. Kawu ya karɓa, ya ɗaura a ƙafarsa, ya buga ƙasa sau biyu, ya kwance ya miƙo mini.

"Ka ji mi?" in ji shi.

Na ce, "Na ji ƙara, Kawu."

"Ƙarar ƙafata ka ji. Ka matse su ba su taɓa juna. Warware ka sake."

Sau uku na warware shi. A nan na fara gane cewa a kayan kiɗa kunne ne ke aiki, hannu bin sa kawai yake yi.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Za ku ji ana cewa a shekarun nan kowa ya ji daɗi. Ba kowa ba. Albashi ya ƙaru, 'yan kwangila suka cika gari, babura sababbi suka fara yawo a hanyar Sheme, amma mu maƙeran fari a lokacin ne muka sha wuya. Matar da uwarta da kakarta suka yi ado da munduwar tagulla sai ta ce ita zinariya take so, irin wadda alhazai ke zuwa da ita. Wadda ba ta da halin zinariya ta sayi 'yan kunnen kanti masu ruwan gwal. Akwai shekarar da muka yi kasuwa bakwai a jere muna shimfiɗa kaya da safe muna naɗewa da la'asar, ba wanda ya ko taya. Maƙera uku a layinmu suka rufe, biyu suka tafi aikin lebura a Kaduna. Kawu ya koma gonarsa ta dawa, ya bar mini rumfar. Ni ma na fara tambayar direbobi ko ana ɗaukar mutane a kamfanin hanya.

A cikin wannan hali ne Yohanna ya zo. Ranar kasuwa ce, da hantsi, ya tsaya da babur a bakin rumfa, ɗaure da wani abu a buhu a bayansa. Dogo ne siriri, ɗan wani ƙauye a ƙasar Faskari. Iyayensa Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista, shi kuma ya yi soja, a can ya koyi kiɗan badujala. Da ya bar soja sai wani ɗan kwangila, Alhaji Mamman, ya ɗauke shi. Alhajin ya gina otal a Sheme saboda direbobin manyan motoci da ma'aikatan hanya, ya sayo kayan kiɗan Turawa ya zuba, ya tara makaɗa. Yohanna ke zama a bayan ganguna, yana kaɗa biyar a lokaci ɗaya da hannu da ƙafa.

Ya kwance buhun ya fito da farantin tagulla mai faɗin faifai, da tudu a tsakiya da ɗan rami. Shi ne wanda ake kafawa a kan sanda kusa da ganguna, a doke shi ya yi ta amo. Ya tsage daga baki, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa.

"Malam Sale, an ce mini in dai ƙarfe ne mai magana, gidanku ake kawowa."

Na rataye farantin a yatsa na ƙwanƙwasa shi. Duk da tsagar, sai da sautin ya yi ta yawo a rumfar kamar ba zai ƙare ba. Ban taɓa jin tagulla irin wannan ba. Ya kamata in ce masa ban san wannan ƙarfe ba, ya bari in tambayi Kawu. Amma na daɗe ban hura wuta don aiki ba, ga mutum da babur a ƙofata. Na ce ya dawo jibi.

Na yi masa yadda nake yi wa munduwa idan ta karye. Na goge bakin tsagar, na sa sinadari, na zuga wuta har wurin ya yi ja, na zuba narkakkiyar tagulla ta cike. Da ya huce na bi shi da magagari. In kun ga aikin sai kun rantse ba a taɓa tsagewa ba. Sai na rataye shi na ƙwanƙwasa. Ya ce ƙwal, ya yi shiru, kamar an bugi tsohuwar tasa. Na sake bugawa ta wani gefen. Haka. Abin da ban sani ba shi ne, masu yin irin wannan faranti sun riga sun gasa shi sun daddake shi yadda suke so tun a can, wuta ta biyu kuwa kashe shi take yi.

Da Yohanna ya dawo ya fito da sandarsa daga aljihu ya doka sau ɗaya. Bai sake ba. Ya zauna a kan buhun gawayi yana juya farantin a hannu.

"Da tsagarsa ma yana aiki," in ji shi a hankali. "Ba nawa ba ne, Malam Sale. Na Alhaji ne. Bai ma san na fito da shi ba."

Sai ya gaya mini sauran. Alhaji ya gama wata gada a hanyar Sabuwa, za a buɗe ta nan da kwana tara, manya za su zo, kuma ya riga ya yi ta cika baki cewa makaɗansa ne za su yi wasa. Sabon faranti ba ya samuwa, an ce kaya sun maƙale a jiragen ruwa a Legas. Kuma Alhaji mutum ne da ya taɓa korar direba saboda madubi. Yohanna yana da mata da 'ya'ya uku da tsohuwa a ƙauye.

Da yamma na bi Kawu gona na faɗa masa. Yana tsugune yana cire ciyawa, bai ɗago ba sai da na gama.

"Wa ya sa mashi wuta?"

"Ni ne."

"To kai za ka je ka faɗa wa mai shi. Kada ka bari yaron mutane ya ɗauki naka."

Washegari na hau motar kasuwa zuwa Sheme. Na sami Alhaji Mamman a gaban otal ɗinsa yana sallamar masu tipa. Na gaishe shi na durƙusa na ajiye farantin a gabansa, na ce ni ne maƙerin da ya lalata shi, Yohanna gyara ya nema, ni na ce na iya alhali ban iya ba. Ya dube ni, ya dubi Yohanna da ke tsaye can gefe.

"Kai daga Ƙanƙara ka taso don ka faɗa mini wannan?"

"Daga can, ranka ya daɗe."

Ya kaɗa makullin mota a hannu. Sannan ya ce, "Ni ban san faranti ba. Abin da na sani, ranar buɗe gada in ji kiɗa ya cika. In bai cika ba, shi ya nemi wani aiki, kai kuma kada in sake ganinka."

Saura kwana takwas. Na ce a raina tunda na kashe wannan, bari in ƙera wani. Na sayi babban tiren tagulla na shayi a wurin wata tsohuwa, na yanke bakinsa, na fitar masa da tudu a tsakiya a kan gungumen ice, na yi kwana biyu ina bin sa da guduma daga ciki zuwa waje har ya yi siriri. Siffa dai ta fito. Da na buga sai ya yi wani dogon kuka mara daɗi, kamar ƙararrawar makaranta da ta sha ruwa. Na ƙara daka, ya ƙara lalacewa. Yohanna yana zuwa kullum da rana bayan sun gama gwaji, ya doka, ya girgiza kai, ya sayo mana rake mu sha, ya hau babur ya koma. Ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba.

Rana ta huɗu Kawu ya biyo ta rumfa bayan ya karɓo fartanyarsa a wurin maƙerin baƙi. Ya tarar da mu zaune, faranti biyu a ƙasa. Ya ɗauki na Alhaji ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɗauki nawa ya yi haka.

"Wanga ba ya magana, wanga kuma ba ya yin shiru," in ji shi. Ya juya wajen Yohanna. "Soja, a kiɗan naku, mi wannan abu yake yi?"

Yohanna ya ce, "Baba, idan waƙa ta kai gaɓa, shi nake doka don a ji an juya."

"Dole sai ya daɗe yana ƙara?"

Yohanna ya yi tunani. "Haka dai aka koya mana."

Kawu ya kifa na Alhaji a kan nawa, ya zura yatsa ta ramin ya ɗaga su tare, ya ce Yohanna ya doka. Ya doka. Sautin da ya fito ba mai daɗi ba ne, wani kwaram ne kawai, amma a ƙarshensa akwai 'yar ƙaramar shasshaka kamar ta akayau. Yohanna ya sake dokawa, ya karkata kai. Kawu ya ajiye su ya ɗauki fartanyarsa.

"Sale, ka dai tuna akayau ɗin samarin nan," ya ce, ya tafi.

To a nan aikin yake, ku da kuke maganar marfin tukunya. Idan faranti biyu suka kwanta a kan juna ruf, ba za ka ji komai ba sai ƙwal. Idan suka yi nesa da juna, kowa kukansa zai yi. Ana so su taɓa juna a baki, a wasu wurare, a wasu wuraren kuma iska ta ratsa. Na fara da yanke wurin da na ƙona da kurfi, na rage farantin Alhaji gaba ɗaya ya zama ƙarami, na goge bakin da magagari don kada ya ci sanda. Nawa kuma na bi bakinsa da ƙaramar guduma ina lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan, nan sama, can ƙasa. Na huda masa ramuka shida. Tsakaninsu muka gwada fata, ta shanye sautin. Muka gwada robar taya, ta yi tauri. Daga ƙarshe tsohuwar hular jar dara ta Kawu muka yanka, ita ta yi daidai. Sai maganar kusar da ke ɗaure su a kan sanda: ka matse da yawa su mutu, ka sassauta da yawa su yi ta ɓaɓatu. Yohanna ya kawo sandar da ƙaramar ganga ɗaya a babur, ya kafa a nan inda kuke zaune. Yana kaɗawa ina juya kusa, in kwance in daka in mayar. Kwana uku muna haka, har masu awo na kusa da mu suka kai ƙara wurin sarkin kasuwa.

Ana gobe biki da la'asar Yohanna ya doka sai farantin ya ce tsas, ya ɗauke nan take, tsaf, ba saura. Yohanna ya yi ta maimaitawa yana haɗawa da ganga. Can ya tsaya ya ce, "Kada ka ƙara taɓa shi."

Ranar buɗe gada na bi su a bayan tipa tare da kayan kiɗa. An kafa rumfuna a bakin rafi, manya a kan kujeru, mutanen ƙauyukan Sabuwa kuma sun yi dafifi a rana, maza da mata, wasu da fartanya a kafaɗa. Aka yi jawabai aka yanke ƙyalle, makaɗa suka fara. Waƙa biyu na farko mutane kallo kawai suke yi, yadda ake kallon injin da ba a saba gani ba. A ta uku Yohanna ya sauya hannu. Maimakon ya jira gaɓa, sai ya riƙa sa farantin a cikin kiɗan kansa, tsas, tsas-tsas, daidai inda ƙafar mai rawa take sauka. Wata tsohuwa mai ƙwaryar fura a kafaɗa ta sauke ƙwaryar ta shiga fili. Wasu mata suka bi ta, sai samari. Kafin a jima ƙura ta tashi har 'yan doka suna mayar da mutane baya daga rumfar manya.

Da aka tashi Alhaji ya zo wajen ganguna yana share gumi. Ya dubi farantin, ya ga ya ƙanƙance, ga wani a ƙarƙashinsa duk tabon guduma.

"Wannan ne nawa?"

Na ce, "Na saman ne, ranka ya daɗe. Na ƙasan tiren shayi ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce da Yohanna idan sabo ya iso a kafa shi a gefe, amma kada a cire wannan. Ni kuma ya ce in hau gaban mota, ba bayan tipa ba.

Daga nan aiki ya buɗe. Makaɗan otal na Funtuwa suka ji labari, sai na Gusau da Zariya. Gwamnati ta buɗe firamare a kowane ƙauye, kowane hedimasta yana son badujala ta fareti, yara kuwa ba sa wata uku ba su fasa faranti ba. Majami'u na ƙauyukan Faskari su ma suka riƙa kawowa. Na koyi cewa tsaga ba a liƙe ta, ana huda ɗan rami ne a ƙarshenta don kada ta ci gaba, ko a yanke wurin. Fasassun da aka yar na riƙa tarawa ina haɗa su biyu-biyu, wani lokaci uku. Ba kowane biyu ne ke zama tare ba, sai ka gwada goma kafin ka sami abokin ɗaya. Wani makaɗi daga Zariya ya taɓa kawo mini sabo fil, ko ƙwarzane babu, wai in fasa masa don ya yi irin na Yohanna. Na ce ya mayar da abinsa, na ba shi cikin tarkacena. Ya tafi yana ganin na raina shi, bayan wata biyu ya dawo da abokansa biyu.

Shekara uku bayan gadar Kawu ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya zuwa ko masallacin ƙofar gida. Bai taɓa ganin Yohanna a bayan gangunansa ba, don shi ba mai zuwa otal ba ne, bikin gada kuma ya ce yana da shuka. Da Yohanna ya ji, sai ya roƙi Alhaji aron tipa. Ranar wata Laraba bayan azahar ya sauke kayan gaba ɗaya a ƙofar gidanmu, ya kafa su a gindin dalbejiya. Muka ɗauko Kawu a tabarma muka jingina shi da bango. Matan gida suka leƙo ta zaure, maƙwabta suka taru.

Yohanna ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, na kawo maka aikinka ka ji."

"Aikin Sale dai," in ji Kawu. "To, kaɗa mu ji."

Ya kaɗa a hankali, ba irin na otal ba. Kawu ya rufe ido. Ina kallon babban yatsan ƙafarsa, duk da kumburin, yana motsi daidai da farantin. Da Yohanna ya tsaya kowa ya juya yana jiran abin da tsoho zai ce. Ya buɗe ido ya yafito ni.

"Wa ya ɗaure kusar nan?"

"Ni ne, Kawu."

"Sassauta ta kaɗan."

Yohanna ya dube ni, don shekara uku ba wanda ya isa ya taɓa kusar nan. Na tashi na juya ta kamar faɗin ƙwayar dawa. Ya ɗaga sanda ya doka sau ɗaya, ya tsaya, ya sake dokawa. Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Baba, da ka faɗa mana tun tuni."

"Ai ba ku kawo ba," in ji Kawu. "Ci gaba, Soja."

Ya ci gaba da kaɗawa har aka kira la'asar, sannan muka mayar da Kawu ɗaki.